Kafin ki kalli wasan: abin da ya faru da gaske a shekarun farko na ƙanjamau

Tambaya: Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce. Na ga tallar wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da za a fara nunawa a talabijin, kan wasu samari masu neman maza 'yan'uwansu a Landan, a shekarun da cutar ƙanjamau ta fara ɓulla. Ina son in kalla saboda karatuna, amma ina tsoron in ɗauki ƙagen marubuci a matsayin tarihi. Me ya faru da gaske, kuma ta yaya zan gane inda suka faɗi daidai da inda suka ƙara gishiri?

Amsa: 'Yar'uwa, ki riƙe shekara. Duk lokacin da aka rubuta shekara a fuskar talabijin, ki tambayi kanki abin da likita ya sani a wannan shekarar, wane gwaji ke hannunsa, wane magani zai iya rubutawa. Daga 1981 zuwa 1996 amsar ta yi ta canjawa, kuma yawancin kurakuran irin waɗannan wasanni daga nan suke fitowa: a sa wa mutumin 1982 ilimin mutumin 1990 a baki.

Sai kin fahimci yadda ƙwayar cutar ke aiki kafin labarin ya zauna miki. HIV tana kama wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke tsara aikin garkuwar jiki. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1,500 a kowane ɗigon ma'auni na jini. Mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, mutane da yawa kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje da kaluluwa, kamar mura mai ƙarfi, sannan ya wuce. Daga nan sai shiru. Mutum na cin abincinsa, yana zuwa aikinsa, CD4 na raguwa a hankali, kuma a tsaka-tsaki sai an yi kusan shekara 10 kafin su faɗo ƙasa da 200, inda cututtukan da jiki ya saba korewa ke samun ƙofa. Wannan dogon shirun shi ne asalin masifar. Wanda ya rasu a 1983 galibi ya kamu tun shekarun 1970, lokacin da babu mahalukin da ya san da cutar. An tabbatar da haka daga baya, da aka koma kan jinin da aka adana na wasu maza a San Faransisko da suka shiga binciken ciwon hanta: a jinin 1978 ƙasa da 5 cikin 100 ne ke da ƙwayar, amma a 1984 kusan biyu cikin uku na waɗanda aka gwada sun kamu. Don haka in wasan ya nuna saurayi ya sadu da wani a wata guda, ya kwanta ciwon ajali a wata na uku, an gajarta lokaci ne saboda labari.

Rahoton farko ya fito ranar 5 ga Yuni 1981 daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. Samari biyar ne a Los Anjalas, duk masu neman maza, da wani ciwon huhu da ake kira PCP, wanda a da sai ga masu shan maganin daji ko waɗanda aka yi wa dashen gaɓa ake ganinsa. Biyu sun riga sun rasu. Likitan da ya haɗa rahoton shi ne Michael Gottlieb. Ranar 3 ga Yuli aka ƙara da rahoton wasu maza 26 a Niyok da Kalifoniya masu sankarar fata da ake kira Kaposi. Kafin wannan ma, wata ma'aikaciyar CDC mai raba magunguna, Sandra Ford, ta lura buƙatar pentamidine, maganin PCP, ta yi yawa, kuma likitoci na sake neman sa don majiyyaci ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Wannan darasi ne ga mai aikin jinya: mai riƙe da littafin magani ce ta fara jin ƙanshin annobar.

Yanzu ga cututtukan kansu, domin nan ne idon mai jinya ya kamata ya fi na kowa kaifi. PCP takan zo a hankali cikin makonni: busasshen tari mara majina, zazzaɓi, da haki. Saurayin da ke hawa bene a guje sai ya tsaya hutawa a tsakiya. Likita ya sa abin sauraro a ƙirji ya ji kamar lafiya lau, amma iskar oksijin da ke cikin jini ta faɗi, musamman in an sa shi ya ɗan yi tafiya. PCP ce ta fi kashe mutane a shekarun farko. Kaposi kuwa tabo ne ja-ja mai duhu ko ruwan makuba, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo da farko, ba ya dishewa in an danna shi, kuma yakan fito a ƙafa, kan hanci, bayan kunne, dasashi da ganɗa. Masu shirya wasa suna son sa saboda kyamara na ganin sa, har mai kallo ya ɗauka kowane mai ƙanjamau yana da shi. Ba haka ba ne. Ya fi yawa ga maza masu neman maza, yana da wuya ga waɗanda suka kamu ta hanyar ƙarin jini, kuma sai 1994 aka gano dalili: wata ƙwayar cuta ce daban, HHV-8, ke haddasa shi idan garkuwa ta karye.

Abin da kyamara ba ta cika nunawa ba shi ne ya fi cin lokacin masu jinya. Akwai farin abu kamar kindirmo da ke rufe harshe ya gangara maƙoshi, har haɗiyar ruwa ta zama azaba. Akwai gudawa kamar ruwa, wadda kan kai lita da yawa a rana, ta yi watanni, ana canja zanen gado dare da rana. Akwai zufar dare da ke jiƙa katifa. In CD4 suka sauka ƙasa da 100, sai sanƙarau na wani nau'in naman gwari, ko ƙurji a ƙwaƙwalwa mai kawo farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Ƙasa da 50, wata ƙwayar cuta da ake kira CMV ta ci bayan ido, mutum ya fara ganin ɗigo-ɗigo na yawo, ya makance. Wasu kuma ƙwayar HIV ɗin ce da kanta ke taɓa ƙwaƙwalwa, ɗan shekara 28 ya manta sunan mahaifiyarsa. Mutuwar ba ta zuwa a kwanciya ɗaya. A kwantar da mutum, ya ji sauƙi, a sallame shi, ya koma aiki, bayan wata biyu wata cutar ta dawo da shi. Wasan da ya nuna wannan kai-komon ya yi bincike. Wanda ya nuna mara lafiya fes-fes yana jawabin bankwana ya rufe ido, ya tausaya wa mai kallo ne.

Batun suna ma yana da shekara. A farkon 1982 wasu likitoci da jaridu suna kiran ta GRID, wato karyewar garkuwa mai alaƙa da luwaɗi. Sunan bai daɗe ba, domin a Yulin 1982 an ba da rahoton mutum uku masu cutar rashin daskarewar jini da suka kamu, a Disamba kuma wani jariri a San Faransisko da aka yi wa ƙarin jini. CDC ta fara amfani da sunan AIDS a Satumbar 1982. Amma ɓarnar sunan farko ta riga ta auku: wanda ba ya cikin rukunin da aka lissafa ya ɗauka ya tsira, wanda ke ciki kuma ya ɓuya. Ingila tana bayan Amurka da 'yan shekaru, shi ya sa za ki ga samarin Landan a 1981 da 1982 suna ɗaukar maganar a matsayin jita-jitar Amurka, kuma wannan gaskiya ne. Ɗaya daga cikin na farko da aka sani sun rasu a can shi ne Terry Higgins, ranar 4 ga Yuli 1982 a asibitin St Thomas, yana da shekara 37. Abokansa ne suka kafa gidauniyar da ke ɗauke da sunansa har yau.

Ƙwayar cutar an fara ware ta a cibiyar Pasteur da ke Faris, aikin Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, aka buga a Mayun 1983. A Afrilun 1984 Amurka ta sanar da aikin Robert Gallo, har sakatariyar lafiya Margaret Heckler ta yi fatan a fara gwada rigakafi cikin shekara biyu, rigakafin da har yau babu. Sunan HIV sai 1986. Gwajin jini kuwa an ba shi lasisi a Amurka a Maris 1985, Birtaniya ta fara tace jinin gudummawa a Oktoban wannan shekarar. Saboda haka duk wanda aka nuna a 1982 ko 1983 yana karɓar takardar sakamakon gwajin HIV, kuskure ne. A lokacin ta alamomi ake ganewa, kuma maza kan tsaya gaban madubi kullum suna laluben wuya da hammata, suna duba ƙafa ko tabo ya fito. Bayan gwajin ya zo, sakamako kan ɗauki kamar mako biyu, kuma da yawa sun ƙi yi. Kada ki yi saurin kiran su wawaye: babu magani, kuma sanin an yi maka gwajin kawai na iya hana ka inshorar rai da bashin sayen gida, ko ya raba ka da aikinka.

Ɗakin jinya shi ne wurin da nake so ki fi tsayawa. Za ki ga an ajiye farantin abinci a bakin ƙofa, ma'aikata sun shiga da riga har ƙasa, takunkumi da safar hannu biyu, an ƙona kayan mamaci, masu shirya gawa sun ƙi karɓa. Duk an yi. A Satumbar 1985 kotu ta ba da umarnin tsare wani majiyyaci a asibitin Monsall da ke Mancesta ba da son ransa ba, bisa wata doka da aka yi a shekarar, kafin a janye umarnin bayan 'yan kwanaki. To amma a nan ma shekara tana raba tsoro gida biyu. A 1981 da 1982 mai jinya ba ta san ko cutar na bin iska ba, tsoronta yana da hujja. Zuwa Maris 1983 hukumomin lafiya na Amurka sun riga sun bayyana cewa ta jima'i da jini take yaɗuwa. A 1986 aka buga binciken mutum 101 da ke zaune gida ɗaya da masu cutar a Niyok, suna cin abinci tare, suna amfani da banɗaki ɗaya. Yarinya ɗaya ce kawai aka samu da ƙwayar, ita ma ga dukkan alamu daga mahaifiyarta ta samu wajen haihuwa. Haɗarin gaske ga ma'aikacin lafiya shi ne sukar allurar da aka yi wa mai cutar, kuma ko shi kusan 3 ne cikin 1,000. Wanda ya bar abinci a ƙofa a 1987 ba rashin sani ne ya sa shi ba, ƙyama ce. Daga wannan zamanin ne aka samo ƙa'idar da ake koya muku yanzu, ta ɗaukar jinin kowane majiyyaci a matsayin mai haɗari, a daina mayar da murfin allura da hannu biyu, a jefa ta a akwatin da ba ya hujewa.

Akwai kuma waɗanda suka yi abin da ya dace. A Yulin 1983 babban asibitin San Faransisko ya buɗe ɗakin kwanciya na musamman, 5B, ƙarƙashin wani ma'aikacin jinya, Cliff Morrison, kuma duk ma'aikatan ɗakin da kansu suka nemi aikin. Sun sassauta lokacin ziyara, sun bar majiyyaci ya faɗi wanda yake ɗauka a matsayin iyalinsa, sun taɓa mutane da hannu in ba jini ko ruwan jiki za su taɓa ba. A Landan, Gimbiya Diana ta buɗe ɗakin masu ƙanjamau mai suna Broderip a asibitin Middlesex a Afrilun 1987, ta yi musabaha da majiyyaci ba safar hannu. Mutumin da ya yarda a ɗauki hotonsa da ita ya juya wa kyamara baya, don kada a gane shi. Duk ra'ayin da mutum ke da shi kan rayuwar waɗannan samari, wanda ke kwance a gado majiyyaci ne, kuma abin da tarihi ya nuna shi ne inda aka ƙyamace su sun ɓuya, cutar ta ci gaba da tafiya a ɓoye.

Rigimar iyali da za ki gani ba ƙari ba ce. A Ingila da Wales dokar 1967 ta cire hukunci ne kawai ga maza masu shekara 21 zuwa sama, a keɓe. Abokin zaman mutum ba shi da wani matsayi a doka. Iyaye kan zo daga wani gari su ji labari biyu a rana ɗaya, cewa ɗansu na neman maza kuma yana bakin mutuwa. Wasu sun rungume shi. Wasu sun ɗauke shi zuwa gida, suka hana abokansa ganinsa, suka ce wa maƙwabta ciwon daji ne ko ciwon huhu, wanda ya yi jinyarsa shekara biyu bai san ranar jana'iza ba, wani lokacin har gidan da suke zaune ya rasa. A Disambar 1986 shugaban 'yan sandan yankin Mancesta, James Anderton, ya kwatanta masu cutar da masu iyo a cikin masai da suka haƙa wa kansu. A 1988 kuma aka yi sashe na 28 na dokar ƙananan hukumomi, wanda ya hana ƙananan hukumomi abin da aka kira tallata luwaɗi, malamai da yawa suka ji tsoron ko buɗe baki kan batun a aji.

Su ma mutanen ba zama suka yi suna jiran mutuwa ba. A Janairun 1982 aka kafa GMHC, ƙungiyar taimakon masu cutar, a Niyok, wadda ta fito da tsarin haɗa kowane majiyyaci da ɗan sa-kai mai yi masa cefane, wanki, rakiya asibiti. A 1983 wasu masu cutar biyu, Michael Callen da Richard Berkowitz, tare da likitansu Joseph Sonnabend, suka buga ɗan littafin da ya ba da shawarar kwaroron roba, tun kafin a tabbatar da ƙwayar da ke haddasa cutar. Mata masu neman mata sun yi jinya sosai, sun kuma ba da jini bayan an hana mazan bayarwa. Gwamnatin Birtaniya ta makara, amma da ta tashi a ƙarƙashin ministan lafiya Norman Fowler, a farkon 1987 ta aika takardar gargaɗi kowane gida, ta kuma fara raba sababbin allurai ga masu allurar ƙwaya.

Magani na farko, AZT, an amince da shi a Amurka a Maris 1987. An dakatar da gwajinsa da wuri saboda a cikin mutum 282, 19 sun mutu a ɓangaren da ba a ba su maganin ba, ɗaya kacal a ɓangaren da aka ba. Ana shan sa duk bayan awa huɗu, har cikin dare, shi ya sa za ki ji ƙarar ɗan agogon akwatin magani a aljihun mutane. Kuɗinsa ya kai kusan dala 10,000 a shekara. Yawan maganin da ake sha yana danne ɓargo, jini ya ƙare har sai an yi ƙari, ga tashin zuciya da ciwon tsoka. Kuma amfaninsa kan dushe cikin watanni, domin ƙwayar na hayayyafa da yawan gaske tana canja kama, magani ɗaya ba ya riƙe ta. Binciken Concorde na Birtaniya da Faransa ya nuna a 1993 cewa fara shan sa da wuri shi kaɗai ba ya ƙara tsawon rai. In wasan ya nuna AZT a matsayin guba tsantsa, ya zarce: shi ne a 1994 aka ga ya rage yaɗuwa daga uwa zuwa jariri daga kusan 25 cikin 100 zuwa kusan 8. Abin da ya fi ɓata rai shi ne Septrin, wannan dai da kika sani a kowane kemis. Tun 1977 an nuna yana hana PCP ga yara masu sankarar jini, amma sai 1989 Amurka ta fitar da ƙa'idar ba masu HIV shi a matsayin kariya. Irin wannan jinkirin ne ya haifi ƙungiyar 'yan fafutuka ta ACT UP a Maris 1987, wadda ta mamaye ofishin hukumar magunguna ta Amurka a Oktoban 1988. Sauyin gaske ya zo a 1996, da aka haɗa magani uku a lokaci ɗaya. A 1997 mace-macen ƙanjamau a Amurka sun ragu da kusan rabi.

Abu biyu ki kiyaye bayan an gama wasan. In aka ambaci wani ma'aikacin jirgin sama ɗan Kanada, Gaëtan Dugas, a matsayin wanda ya kawo cutar Amurka, ƙarya ce da binciken 2016 ya rusa. Ƙwayar ta isa Niyok tun wajen 1970, asalinta kuma daga birai ne a kudu maso gabashin Kamaru, ta bazu daga Kinshasa tun kusan shekarun 1920. Na biyu ya fi kusa da aikinki. Wasan labarin rukuni ɗaya ne a birni ɗaya, kuma a daidai waɗannan shekarun cutar na kashe maza da mata da jarirai a Yuganda, inda aka sa wa cutar suna saboda ramar da take sawa, kamar yadda mu ma muka ce ƙanjamau. Nijeriya ta ba da rahoton masu cutar na farko a 1986, kuma babban binciken ƙasa na 2018 ya kiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita, mata sun fi maza. Wanda za ki tarar a ɗakin jinyarki galibi matar aure ce da aka gano a wajen awo, ko magidanci mai tarin fuka da ya ƙi jin magani. Abin da za ki faɗa musu ya sha bamban da na 1985: gwaji na minti 20 ne, magani ƙwaya ɗaya ce a rana, wanda ke sha kan ƙa'ida har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa, mai ciki na iya haihuwar jariri lafiyayye. In kuma allura ta soke ki a bakin aiki, ki wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ki matse, ki sanar da shugabar ɗaki nan take, a fara ba ki maganin kariya cikin 'yan awanni, kada ya wuce awa 72, ki sha shi kwana 28 cif.